Abin da ya kamata ku sani game da Lloyd Reckord, ɗan wasan Jamaika

In ka ce wa matasan da ke kallon fim a waya a Iware ko cikin Jalingo su lissafa baƙaƙen 'yan wasan ƙetare, Denzel Washington da Idris Elba za ka fara ji. Da wuya wani ya ambaci Lloyd Reckord, alhali yana cikin waɗanda suka share wa na baya fage.

An haife shi a 1929 a Kingston, babban birnin Jamaika, lokacin da tsibirin ke hannun Turawan Ingila kamar Najeriya. A farkon shekarun 1950 ya tafi Ingila ya koyi wasan daɓe a makarantar Old Vic da ke Bristol. Zamanin kuwa ba na daɗi ba ne ga baƙar fata. Tun 1948 mutanen tsibiran Karebiyan ke kwarara Ingila neman aiki, amma ko ɗakin haya wahalar samu yake musu, har a 1958 matasan Turawa suka far wa baƙaƙe a unguwar Notting Hill ta Landan.

A wannan shekarar ce Reckord ya fito a wasan Hot Summer Night na Ted Willis. Labarin wani jagoran ƙungiyar ƙwadago ne mai wa'azin daidaito a wurin aiki, sai 'yarsa ta ce ɗan Jamaika za ta aura, gida ya rikice. Da aka nuna wasan a talabijin a Fabrairun 1959, Reckord ya sumbaci Baturiyar da ta fito a matsayin budurwarsa, Andrée Melly. A 1962 ya sake yin haka a You in Your Small Corner, wanda ɗan'uwansa Barry Reckord ya rubuta. Mutane da yawa sun daɗe suna ɗaukan cewa shirin Star Trek na Amurka ne ya fara nuna irin wannan sumba tsakanin baƙi da fari a 1968, ashe an riga shi da shekara tara.

Duk da wannan suna, manyan matsayi ba su zo ba. Ko da aka mayar da wasan Willis fim a 1961, Johnny Sekka haifaffen Dakar ne ya samu gurbinsa. Maimakon ya zauna jira, sai Reckord ya koma bayan kyamara, kuma a ganina nan ne ainihin darajarsa take. A 1963 ya shirya ɗan gajeren fim, Ten Bob in Winter, kan wani ɗalibi ɗan Karebiyan mara aikin yi da rancen sule goma a tsakiyar hunturun Landan. Bai tsaya kukan wariyar Bature kaɗai ba, ya taɓo raini da girman kai tsakanin baƙaƙen su kansu. Ana lissafa shi cikin finafinan farko da baƙar fata ya ba da umarni a Birtaniya.

Fim ɗinsa na biyu, Dream A40 na 1965, ya fi kasada. Maza biyu ne masu soyayya da juna suna tafiya a mota kan babbar hanya, fargaba da zargin kai suna cin ɗayansu, har tafiyar ta rikiɗe ta zama mummunan mafarkin tuhuma da hukunci. A lokacin, wannan alaƙa laifi ce a dokar Ingila. Sai a 1967 aka janye hukuncin a Ingila da Wales, ga waɗanda suka kai shekara 21 kuma a keɓe. Jamaika har yau tana riƙe da dokar 1864 mai hukunta irin wannan alaƙa da Turawa suka bar mata, a Najeriya ma dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Mai karatu na nan yana da matsayinsa na addini da al'ada a kan batun. Abin da tarihin fim ya rubuta shi ne baƙo, baƙar fata, mai neman abinci a ƙasar wasu, ya ɗauko zancen da yawancin masu shirya fim na ƙasar ke kauce wa.

A ƙarshen shekarun 1960 ya tattara ya koma gida, ya kafa ƙungiyar National Theatre Trust, ya shafe shekaru yana shirya wasanni da fitowa a daɓe. Ya kuma fito a finafinan Jamaika, irin su The Lunatic na 1991 da Third World Cop na 1999. Ya rasu a Yulin 2015 yana da shekara 86.