Abin da Ke Sa Rijiyar Waƙafi Ta Ɗore

Wanda ya zaga ƙauyukanmu ya saba da wannan gani: tanki a bisa ƙarfe, allo ɗauke da sunan mamacin da aka yi wa sadaka, famfo kuwa a bushe, yara suna wuce shi da jarkoki zuwa tafki. Niyyar mai bayarwa kyakkyawa ce, kuɗin ma sau da yawa sun wadatar. Abin da ya gaza shi ne yadda aka tafiyar da aikin.

Tun daga asusu ake farawa. Jumhurin malamai suna ganin ba a haƙa rijiyar jama'a da kuɗin zakka, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance ta ga jinsuna 8. Saboda haka kuɗin ruwa daga waƙafi da sadaka suke fitowa, kuma wajibi ne littafinsu ya zama daban.

Sai zaɓen wuri. Yawancin ƙasar Kano da Katsina da Zazzau tana kan dutse ne mai tauri, ruwa yana taruwa a tsagoginsa da cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. Don haka ana iya samun ruwa a nan, a matsa taku kaɗan a tarar da wayam. Wannan ne ya sa awon ƙasa da na'ura yake gaba da ra'ayin dagaci, har ma da burin mai bayarwa na ganin rijiya a ƙofar masallacin mahaifinsa. Haka kuma ƙa'idar da hukumomin agaji suke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya. Inda aka gina banɗakin makaranta da rijiyarta ba tare da masu aikin biyu sun zauna tare ba, ana iya shayar da yara amai da gudawa da sunan sadaka.

Lokaci ma yana da hukunci. Gudummawa takan yawaita a watan Azumi, mai bayarwa yana son a buɗe kafin Salla. Amma ruwan ƙasa ba ya bin kalandar wata. Rijiyar da aka gwada da damina tana iya ruɗar kowa. A ƙarshen rani, wajen Afrilu, ake sanin gaskiyarta.

A wajen ɗan kwangila ne aka fi tafka asara. Idan da mita ake biyansa, to dole wakilin gidauniya ya tsaya yana ƙirga sandunan haƙa suna shiga, ya ga bututun da aka zura, da tsakuwar da aka zuba kewaye da shi, da simintin da ya toshe bakin ramin don kada ƙazantar sama ta gangara. Duk waɗannan suna ɓacewa daga ido da zarar an rufe. Biya kuma kashi-kashi ne, a riƙe na ƙarshe har sai an ja ruwa na sa'o'i an ga yadda yake sauka da dawowa, an kuma kai shi ɗakin gwaji. A ganina, wanda ya biya duka tun farko ya sallama amanar da aka ɗora masa, ko da ɗan kwangilar ɗan'uwansa ne.

Bayan buɗewa, fiƙihu ya riga mu magana. Malaman waƙafi sun tabbatar da cewa naziri, wato mai kula da waƙafi, yana fara gyaran asalin dukiyar daga abin da take samarwa kafin ya raba wa masu amfana. Famfon tuƙa-tuƙa irin Afridev yana da robobi masu arha da suke cinyewa. Rashin mai canza su kaɗai yana iya kashe rijiya. Wasu masu bayarwa ba sa son a karɓi ko sisi a bakin famfo, suna kafa hujja da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina domin mutane su sha kyauta. Hujjarsu tana da ƙarfi, sai dai gyara ba ya yiwuwa da hannu wofi. Mafita ɗaya ce cikin biyu: ko jama'ar gari su kafa kwamiti, da mata a cikinsa tunda su da 'ya'yansu suka fi sanin ranar da ruwa ya ɗauke, su riƙa tara ɗan abin gyara, ko kuma mai bayarwa ya haɗa rijiyar da shago ko gona da kuɗin hayarta zai riƙe ta. Wannan na biyun muke roƙon masu niyyar waƙafin ruwa su tattauna da ofishin sakatare kafin a kira mai injin haƙa.