Ɗalibin Malanta da Baƙin Kalmomi a Saga

Saga tsohon gari ne na Zabarmawa a bakin kogin Kwara, kudu maso gabas da Yamai, wanda birni ya yi ta bunƙasa har ya haɗiye shi. Kuma duk ɗalibin da ke koyon aikin yaƙi da jahilci, idan aka ce gobe can za a tura shi ya koya wa Hausawan unguwar karatu da rubutu, wajibi ne ya sani tun yau cewa baƙaƙe da wasulan da ya ƙoshi da su a aji su ne mafi sauƙin abin da ke jiransa. Lugga ce za ta sa shi gumi.

Dalili kuwa shi ne, magidanta da matan auren da za su zauna gabansa ba Hausa ɗaya suka zo da ita ba, domin wani Ba'adare ne, wani daga Dogon Dutsi, wani daga Maraɗi ko Damagaram, kowa da karin garinsu. Ga Zabarmancin maƙwabta ya shiga bakinsu, ga kuma Faransancin ofis da na likita, wanda suka tanƙwara har ya zama nasu, alhali littattafan Hausa masu yawa daga Kano da Zariya suke fitowa, inda aron daga Ingilishi ake yinsa. Mutumin da ya saba cewa lakwal, sai ya tarar an rubuta makarantar boko.

Hukuma ta yi nata ƙoƙarin. A taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, an tsara yadda za a rubuta Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan yankin. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. A 1999 aka tabbatar da ƙa'idojin rubutun Hausar Nijar. A 2025 kuma aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa. Sai dai doka siffar harafi take gyarawa, ba ta cusa ma'ana a ƙirjin malami.

Ƙamus yana da fa'ida, babu shakka, kuma ɗalibin da bai taɓa yin muɗala'a cikin na Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, ko na Jami'ar Bayero na 2006 ba, ya cuci kansa. Amma a ganina malamanmu na zaure sun riga mu gano hanya, domin idan suna karantar da Ishiriniya ko Muƙamatul Hariri, ba sa barin almajiri ya tsallake kalma gariba, sai ya ji fassararta daga bakin malam, ya ga mazauninta cikin jumla, ya maimaita ta har ta zauna masa, sa'an nan a ci gaba. Kuma ba a taɓa jin an ce tambaya ta zubar da girman mai neman ilimi ba.

To, malaman wannan ɗalibi a Saga su ne manoman shinkafar fadamar garin, waɗanda ke girbi sau biyu a shekara da ruwan kogi. Ya je bakin hanyar ruwa da ɗan kundinsa, ya tambayi sunan kowane iri da kowane aiki, tun daga dashe har zuwa sussuka, da yadda suke faɗin kuɗin ruwan da ƙungiyarsu ke karɓa. Ya zauna wurin mata masu turara shinkafa, ya rubuta kalma tare da jumlar da ya ji ta a ciki da garin mai faɗinta, kana ya gwada ta a bakinsa gaban masu ita, su gyara masa. Dattijon da ya ga kalmar sana'arsa a allo tun ranar farko, da wuya ya ƙi dawowa kashegari.

Saboda haka muna roƙon masu horar da malamai a Yamai, kada su miƙa wa ɗalibi takardar shaida sai ya kawo irin wannan kundi daga unguwar da za a tura shi.