Koren Shayi da Lafiyar Zuciya: Sukarin da Ake Zubawa Ne Ke Ɓata Lissafi

Uwargida, wataƙila kin ga tallan koren shayi a Facebook ana cewa yana wanke jijiyoyi, yana maganin hawan jini. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma an ƙara masa gishiri.

Koren shayi da baƙin shayi ganyen itace ɗaya ne. Bambancinsu shi ne koren ana turara shi ko a gasa da zarar an tsinko, don haka sinadaransa masu suna katekin ba sa raguwa sosai. Su ne ke taimakawa wajen kare ƙwayoyin jiki da bangon jijiyoyin jini daga lalacewa, suna kuma ɗan rage mugun kitsen da ke cikin jini.

A shekarar 2006 aka wallafa binciken Ohsaki na ƙasar Japan, wanda ya bibiyi mutum 40,530. Matan da ke shan kofi 5 ko fiye a rana, haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya da jijiyoyi ya yi ƙasa da kashi 31 cikin 100 a kan masu shan ƙasa da kofi ɗaya. Sai dai Japanawa ba sa sa masa sukari, kuma cimarsu akwai kifi da ganye.

Shayin Buzaye da ake dafawa a Agadas da majalisun Kano ma koren shayi ne daga ƙasar Sin. Amma dubi sukarin da ake antaya wa 'yar butar nan! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau babba kada ya wuce kimanin ƙananan cokula 6 a yini.

Idan za ki sha, ki bar tafasasshen ruwa ya ɗan huce, ki jiƙa ganyen minti 3, ki rage sukari. Kada ki kora abinci da shi, domin yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Ki ba da tazarar awa ɗaya. Mai juna biyu ta taƙaita, saboda kafeyin. Ki guji ƙwayoyin koren shayi na rage ƙiba, yawansu na iya illata hanta.

Idan ke ko maigida kuna shan maganin hawan jini, kada ku ajiye shi saboda shayi. Ku fara tuntuɓar likita, don koren shayi na rage ƙarfin wasu magunguna.