Takardar Farashin Rance, Tiyar Banki

Kaka ta ƙarato, kuma mun ga da yawa daga cikinmu suna zirga-zirga a bankuna neman jarin sayen gero da dawa na ajiya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayanin wata takarda da ke cikin aljihun teburin manaja, wadda ba kasafai ake fito da ita ba sai an tambaya.

Kowa ya san a Dawanau idan mai awo ya ajiye tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa, ranar da asirinsa ya tonu ya gama ciniki a wannan layi. To, kuɗi ma haja ne a wurin banki, kuma yana da tiyarsa. Tiyar ita ce takardar farashin rance: jadawali ne da hedkwatar banki ke aika wa rassanta, an rubuta kowane irin rance da abin da za a ɗora masa a shekara.

Ga yadda ake gina ta. Da farko akwai tushe, watau abin da kuɗin ya tsaya wa bankin kansa, kuma yana bin ma'aunin da Babban Bankin Nijeriya ke yankewa. Wannan ma'auni ya kai kashi 27.5 bisa ɗari a watan Nuwamba 2024. A kan tushen ake yin ƙari gwargwadon hatsari: wata nawa za ka riƙe kuɗin, me ka ajiye jingina, takardar gida ce ko kayan da ke sito, yaya ka biya bashin baya, nawa ke shiga asusunka a wata. Kowane ɗaya da layinsa da adadinsa. Saboda haka mutum biyu masu hali ɗaya, jingina iri ɗaya, wa'adi ɗaya, dole farashinsu ya fito ɗaya, ko ɗaya ya zo da babbar riga ɗaya ya zo da ƙurar sito a ka. Idan manaja yana so ya rage wa wani, ƙa'idar aikin ita ce ya rubuta dalili, na sama da shi ya sa hannu. Ragin da ba a rubuta dalilinsa ba, mu a wajenmu son kai ne.

Dattawa za su tuna dā ba haka abin yake ba. Kafin 1987 Babban Banki ne ke yanka wa bankuna iyakar ruwan da za su karɓa. A wannan shekara gwamnati ta sakar musu mara, kowane banki ya riƙa yanka nasa. Yanzu rance ya zama abin tayi, kuma inda ake tayi, wanda bai san farashi ba shi ake kwantar wa.

Bari mu buga misali da lissafi, don kashi ɗaya ko biyu a baki ba ya nuna nauyinsa. A ce ka karɓi naira miliyan 5 na wata 6, ka sayi buhu 100 a kan 50,000 kowane. In an ba ka a kashi 30 bisa ɗari a shekara, ruwan wata 6 ya kama 750,000. Ƙara kuɗin hidima kashi 1, watau 50,000. Jimla 800,000, kowane buhu ya ɗauki 8,000 tun ba a yi maganar dako da hayar sito da maganin ƙwari ba. Maƙwabcinka da aka ba shi a kashi 36, nasa 950,000 ne, buhu ya ɗauki 9,500. Ranar fitarwa da bazara kuna layi ɗaya, mai saye ɗaya, amma shi ya fara da giɓin 1,500 a kowane buhu. In jinginarsa ta fi taka rauni, to da dalili. In kuwa don bai san kowa a ciki ba ne, an yi masa awo da ƙaramar tiya.

A lura da masu cewa "kashi 5 ne kacal". A tambaye su: a wata ko a shekara? Kashi 5 a wata, kashi 60 ke nan a shekara. A kuma tambaya: a kan ragowar bashi ake lissafawa, ko a kan uwar kuɗi tun daga farko har ƙarshe? In kana biya wata-wata amma ana ci gaba da lissafi a kan uwar kuɗin, abin da ka biya a gaskiya ya kusa ninki. Wani abokin cinikinmu sai da ya biya wata huɗu sannan ɗansa ɗan makaranta ya gano masa wannan, ga shi ya riga ya dangwala hannu.

Hukuma ba ta bar abin haka kawai ba. Littafin cajin bankuna da Babban Banki ya fitar, wanda ya fara aiki 1 ga Janairu 2020, ya ce kuɗin hidimar rance kada ya wuce kashi 1 bisa ɗari, kuma sau ɗaya ake karɓa. Ya kuma ce in banki zai sauya farashin da aka yi yarjejeniya a kai, sai ya sanar da mai bashi tukuna. Wanda aka cuta ya fara kai kuka bankin a rubuce. In ba a share masa hawaye ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna.

Mun san wasu za su ce, Malam, ai wannan duk riba ce. Hukuncinta sananne ne, mun karanta shi tun muna gaban allo, kuma ba fatawa muka zauna bayarwa ba. Amma mai gudun ruwa ma bai kuɓuta daga tambaya ba. Bankunan da ba su karɓar ruwa, irin su Jaiz da ya buɗe a 2012 da TAJ a 2019, suna yin murabaha: su sayi kayan, su sayar maka da ribar da aka ambata, ka biya zuwa wa'adi. Su ma suna da jadawalin ribarsu. Bambancin shi ne da zarar an ƙulla ciniki farashin ya zauna, ba ya hawa don ma'aunin Babban Banki ya hau. Sai dai ka tambayi nawa suka sayi kayan, nawa suka ɗora, domin bayyana wannan sharaɗi ne na murabaha.

Saboda haka in ka zauna gaban akawun rance, ka ce: "Ranka ya daɗe, a nuna mini layin da na faɗa a takardarku, da dalilin da ya sa." Ka nemi a rubuta maka jimlar abin da za ka biya da naira, har da inshora da tarar jinkiri. Ka karɓi takardar tayin ka tafi da ita gida, ka kai wa wani banki ya ga ko zai yi ƙasa da haka. Dillalai kuma masu raka baƙi banki, a karanta wa baƙo takardar da Hausa kafin ya sa hannu, ko da za a kwana biyu ba a karɓi kuɗin ba. Wassalam.