Injin Asali ko Na Canji: Abin da Masu Tsofaffin Fijo Ya Kamata Su Sani

Duk lokacin da labarin motar tsohon shugaban Iran, Mahmud Ahmadinejad, ya sake ɓullowa a wayoyin hannu, sai kunnuwan masu tsofaffin motoci su miƙe. Peugeot 504 ce ƙirar 1977, aka yi gwanjonta a 2011 a kan kuɗi kusan dala miliyan 2.5. Ga kuma wata Marsandi ƙirar 1955 da aka sayar Yuro miliyan 135 a Jamus a 2022. Mutumin Kurni ko Matamaye a Nijar da ke da akori-kura jingine a bayan gida yana jin wannan sai ya ɗauka tsufa ne ke kawo kuɗi. Ba haka ba ne. Ta Iran sunan mai ita aka saya, ta Jamus kuwa biyu kacal aka taɓa ƙera irinta. Ga sauran motoci, tambayar farko da masu tara kayan tarihi ke yi ita ce: injin da ke ciki shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta?

Binciken ba shi da wuya. Mota tana da lambar shasi a jikin ƙarfenta da kuma a wani ɗan faranti da ke ƙarƙashin bonet, inji kuma yana da tasa a jikin bulok. A samu tsumma da kananzir a goge baƙin man da ya daskare a wurin, a haska tocila ta gefe. Lambar masana'anta tana zaune a layi ɗaya, zurfinta ɗaya. Idan wurin ya yi santsi fiye da kewayensa, ko ya ɗan lotsa, ko ana ganin sawun dutsen gurza, to hannu ya taɓa shi. Sai a gwada da takardu, a kuma duba ko nau'in injin ya dace da motar: Fijo 404 ta fetur yawanci injinta cc 1618 ne, 504 kuwa 1796 ko 1971, ban da na gas. Gidan tarihin Peugeot da ke Sochaux a Faransa yana ba da takardar shaida kan yadda mota ta fito, ga wanda ya aika lambar shasi.

Sai dai wanda ya san abin da waɗannan motoci suka yi a ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba idan ya tarar injin na uku ne ko na huɗu. An fara ƙera 404 a 1960, 504 kuma a 1968, kuma dukkansu sun ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, wadda hanyarta ke karya motoci. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa su, har akwai lokacin da ake ɗauko sassan a jirgin sama daga Lyon zuwa Kano. Gwamnatin Obasanjo ta soja ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata, kuma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1983. Daga ofisoshi motocin suka gangaro tashoshi, daga tashoshi suka tsallako iyaka ta Daura da Ɗan Barto suka shiga ƙasar Kance. A nan suka yi aikin da babu wanda ya rubuta tarihinsa: buhunan gero da wake da gyaɗa, raken fadamun Matamaye, awaki a ɗaure a kan kaya, fasinjoji a kan awakin, mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibiti, duk a kan hanyar rairayi da ke sa inji ya yi ta kuka a giya ta biyu. Ƙurar hunturu tana cin ringi, ruwan rijiya yana toshe lagireto, man bumburutu na bakin hanya yana yin nasa. Injin da ya sha wannan shekara arba'in dole ya gaji. Abin da ya riƙe motocin shi ne hannun kanikawan da suka koyi sana'ar a gindin bishiya, masu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano su ɗauko bulok, su haɗa shi da kan wani injin, su tayar da mota kafin ranar kasuwa. Ni a ganina wannan tarihin ya fi lambar da ba a taɓa ba daraja, kuma abin takaici ne a ce jikokin waɗannan mutane ba su san shi ba.

Wani zai ce, tunda haka ne me ya kawo zancen lamba, ai mai jigilar gero ƙarfin inji yake nema. Gaskiya ne, canjin inji ba abin kunya ba ne. Ɓoye shi ne matsala. Lambar da aka gurje aka sake bugawa ita ce alamar da jandarma da ma'aikatan duwan ke nema idan suna bin sawun kayan sata, kuma wanda aka kama motar a hannunsa shi zai yi bayani, ko da da guminsa ya saya. Takardun mota na Najeriya suna da gurbin lambar inji, katin mota na Nijar kuma yana nuna ko ta fetur ce ko ta gas, saboda haka wanda ya ɗora injin gas bai gyara takarda ba ya ɗauki rigima a aljihu. Sannan dillalin da ya rantse cewa tun daga kamfani ba a taɓa kwance ta ba, alhali ya san ƙarya ne, algus ya yi, daidai da mai zuba tsakuwa a ƙasan buhun wake.

Akwai kuma masu cewa ko lambar ta dace ba ta tabbatar da komai, don ana iya canja fistin da ringi da kan inji a bar bulok. Wannan ma haka ne, kuma shi ya sa takarda ta fi rantsuwa. Rasit ɗin sayen inji, sunan wanda ya sayar, ranar da aka ɗora, shaidu biyu: littafi ɗan ƙarami a aljihun mota ya isa ya ɗauki wannan duka, kuma ƙungiyoyin direbobi na tashoshinmu za su iya wajabta shi gobe idan sun ga dama.

Hukumomi ma da nasu. A sauƙaƙa wa talaka rajistar canjin inji a matakin gunduma, ba sai ya ɓata kwanaki a Damagaram ba, domin wahalar hanya ce ke tura mutane wurin mai gurza lamba. Motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan a gidan tarihi na Legas ana kallonta, mu kuwa namu 'yan gwangwan ne ke sare su suna auna su a kilo. Magajin garin Kurni da shugabannin direbobi su nemo akori-kura ɗaya mai cikakkun takardu, su saye ta, su zauna da tsofaffin direbobi da kanikawan da suka san ta su rubuta abin da ta yi, tun suna da rai.