Gaskiya ko Jita-jita: Bam Ɗaya Na Iya Kashe Filin Jirgi?

In hira ta faɗa kan yaƙi a Gariki ta Inugu ko a zangon Hausawan Anacha da Fatakwal, ba a rasa mai cewa jirgin yaƙi ba ya kuskure, kuma bam ɗaya ya isa ya rufe filin jirgin sama har abada. Amsar wannan magana tana kan hanyar da direbobinmu ke bi da shanu da albasa.

Tsakanin Anacha da Owerri akwai garin Uli. A yaƙin basasar Najeriya, bayan sojojin tarayya sun kama Inugu a Oktoba 1967, suka kama Fatakwal a Mayu 1968, sai 'yan Biyafara suka faɗaɗa wani yanki na kwaltar Uli ya zama wurin saukar jiragen makamai da na agaji. Da dare ake sauka, ana kunna fitilu na ɗan lokaci a kashe. Jiragen tarayya sun yi ta ruwan bama-bamai a wurin, an rasa rayuka da jirage, amma ma'aikata kan cike ramuka a ci gaba da sauka. Daga nan shugaban Biyafara Ojukwu ya tashi zuwa Kwaddibuwa a Janairu 1970. Sojan ƙasa ne ya rufe Uli, ba bam ba.

Batun cewa an yi amfani da bam mai linzami a yaƙin basasa kuwa jita-jita ce. Ko harin da ɗan Suwidin Carl Gustaf von Rosen ya kai filin jirgin Fatakwal a 22 ga Mayu 1969, kafin ya taɓa na Benin da Inugu, da ƙananan jiragen koyon tuƙi aka kai shi. Rokokinsu ba sa bin komai sai saitin idon matuƙi, kuma jiragen da ke ajiye suka nufa.

A lokacin Amurka ta fara gwada bam mai linzami na Paveway a Biyetnam, a 1968: ana haska abin hari da leza, bam ya bi hasken. Yawan kuskure ne ya haifi wannan fasaha. A 1982 jirgin Birtaniya ya saki bama-bamai 21 marasa linzami kan filin jirgin Stanley a tsibiran Falkland, ɗaya tak ya sami titin. Faransa ta ƙera bam ɗin Durandal, wanda lema ke rage masa gudu, sannan roka ta cusa shi cikin kankare ya fashe daga ƙasa, ya ɗaga daɓen don gyara ya yi wuya. A 1999 aka fara jefa bam ɗin JDAM mai bin tauraron ɗan'adam a yaƙin Kosobo.

Saiti ya inganta ƙwarai, wannan gaskiya ce. Sai dai a Afrilu 2017 Amurka ta harba makaman Tomahawk 59 kan sansanin Shayrat na Siriya, kuma ba a jima ba jirage suka sake tashi daga can.