YADDA A KE HAƊA MAKIRUFO DA BATIR

Yara, kowa ya san kalangu. In makaɗi ya buga shi, sai fatar ta girgiza iska, iskar kuwa ta kawo mana amo. To, makirufo akasin haka ya ke yi, gama shi iskar magana ce ke bugunsa.

Akwai wani irin makirufo da a ke kira kondensa. A cikinsa da wani tantani wanda bai kai takarda kauri ba, bayansa kuma da faifan ƙarfe, an tara lantarki tsakaninsu. In mutum ya yi magana, sai tantanin ya riƙa matsowa yana ja da baya, ƙarfin lantarkin kuwa yana hawa da sauka daidai da muryar. Wani Ba'amurke mai suna Wente shi ya ƙago shi cikin 1916. A 1962 kuma James West da Gerhard Sessler suka yi wani iri wanda lantarkinsa ke zaune ciki dindindin. Yawancinsu ba su fi ƙwayar gyaɗa girma ba. Duk da haka sai an ba shi wuta, domin akwai ɗan taransisto a cikinsa wanda ba ya aiki sai da ita.

Mai son haɗawa sai ya nemi batir biyu na tocila, watau bolt 3 ke nan, da rizisto mai om 2,200, da kafasito ɗaya, da waya mai rigar saƙar tagulla.

Ku dubi bayan makirufon, za ku ga ƙafa biyu. Ɗaya tana manne da ƙarfen jikinsa. Ita za a haɗa da gindin batir, inda alamar ɗebewa ta ke, a kuma haɗa ta da rigar wayar. Ɗayar ƙafar sai a haɗa ta da rizisto, shi kuma a kai shi kan batir, inda alamar tarawa ta ke. A nan mahaɗar ƙafar da rizisto za a ɗaura kafasito, daga shi sai wayar ciki, wadda za ta kai murya ga na'urar ƙara sauti.

Kowannensu da aikinsa. Rizisto shi ke auna wutar da za ta shiga. Kafasito kamar mai gadin ƙofa ne, ya tare wutar batir, ya bar murya ta wuce. Rigar waya kuwa ita ke hana gurnani shiga.

Sai ku lura da abu uku. In aka juya ƙafafun, makirufo ba zai yi aiki sosai ba. In aka daɗe ana liƙa dalma, zafi zai lalata shi. Na uku ya fi su duka: kada ku kuskura ku kai shi ga wutar gida, gama tana kisa. Ko bolt 48 ɗin da a ke ba manyan makirufo na gidan rediyo ya fi ƙarfinsa. Ku yi aikin gaban malaminku.

TAMBAYOYI
1. Me ke motsi cikin makirufo sa'ad da a ke magana?
2. Wace ƙafa a ke haɗawa da gindin batir?
3. Mene ne aikin kafasito?